Yadda Mai Bincike Zai Yi Aiki da Bayanan Taswira ba Tare da Ya Cutar da Jama'a ba

Kafin mai bincike ya ɗora aikinsa a kan kowace taswira, matakin farko shi ne ya bi diddigin asalinta: wa ya tattara bayanan, a wace shekara, kuma don biyan wace buƙata? Rabon da a yi ƙidayar jama'a a Najeriya tun 2006, saboda haka duk adadin da ake jingina wa wata ƙaramar hukuma a yau hasashe ne, kuma wajibi ne rahoto ya faɗi haka. Tsofaffin taswirorin ƙasar kuwa bisa ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin ƙayyade wuri a taswira na Najeriya, aka zana su, alhali na'urar GPS mai nuna wuri da ma'aunin duniya na WGS84 take aiki, don haka sai an daidaita su kafin a haɗa.

Daga nan sai a duba abin da taswirar ta tsallake. Masu rigakafin shan inna a Arewa sun daɗe suna dogaro da taswirorin da aka zana da hannu, sai da hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna musu rugage da ƙananan ƙauyukan da ba a kaiwa gare su.

Mataki na uku shi ne neman izini. Yardar mai unguwa ba ta wadatar ba. Dole mai gidan da za a ɗauki lambobin GPS na wurinsa ya san abin da za a yi da su, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba amincewar mutum muhimmanci.

Mafi nauyi, a ganina, shi ne ɓoye ainihin wurin kafin wallafawa, domin goge suna kaɗai ba ya rufa asirin kowa. A watan Janairun 2018, taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, ba tare da an ambaci sunan soja ko ɗaya ba. Gudun irin wannan ne ya sa DHS, wato binciken lafiyar jama'a da ake yi a ƙasashe da dama, yake gusar da ɗigon kowane wuri a taswira da gangan, har kilomita 2 a birni da kilomita 5 a karkara, kaɗan daga cikinsu ma har 10. A yankin da ake garkuwa da mutane, taswirar da ta nuna gidajen masu dukiyar dabbobi jagora ce ga ɓarayin daji, don haka gara a tattara sakamakon a matakin mazaɓa. Ainihin lambobin kuma a adana su daban, a kulle da kalmar sirri.