Kurakuran da masu shan imatinib suka fi yi, da yadda za a gyara

Imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, ƙwaya ce da ake sha kullum a gida domin wata sankarar jini mai cin mutum a hankali. Tun da aka amince da shi a Amurka a 2001, marasa lafiya da yawa suka koma gona da kasuwa. Sai dai danne cutar yake yi muddin yana cikin jini, ba kawar da ita yake yi farat ɗaya ba.

Babban kuskure daga nan yake. Bayan 'yan watanni saifar da ta kumbura ta sace, kasala ta tafi, sai mutum ya ce ya warke, ya ajiye kwalin kamar wanda ya gama maganin zazzaɓin cizon sauro. Wani kuma yau ya sha, gobe ya tsallake, don kwalin ya kai shi har kuɗin mota su samu. Gaskiya ne, tafiyar karɓo magani daga Marwa ko Garuwa a arewacin Kamaru zuwa Yawunde ba nan kusa ba ce, sai an kai Ngaundere an kwana a jirgin ƙasa. Amma wannan tsallaken ne ke ba cutar damar taurara har maganin ya daina kama ta. A fara neman sabon kwali tun saura mako biyu na hannu ya ƙare. Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu washegari.

Shan sa da yunwa yana tayar da zuciya. A sha tare da abinci da babban kofin ruwa. Mai niyyar azumi ya tuntuɓi likita tukuna, su daidaita lokacin sha.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗa shi da wasu magunguna ba tare da an faɗa ba. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine ko phenobarbital na farfaɗiya, suna rage ƙarfin imatinib a jini. Ruwan lemon garehul kuwa ƙara shi yake yi. Ko parasitamol kada a yawaita, saboda hanta. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma a kai su gaban likita ya gani, ba abin kunya ba ne.

Kafin a fara, a yi gwajin ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya tayar da ciwon da ya kwanta. Mace kada ta ɗauki ciki ko ta shayar tana shan sa. Idan ciki ya shiga, ta sanar da likita a ranar.

Ana son a ajiye shi ƙasa da digiri 30, ga shi zafin Afrilu a Garuwa yana wuce 40. Kada a bar shi a aljihun babur ko ƙarƙashin kwanon rufi.

Kumburin fatar ido da safe da ɗaurewar jijiyar ƙafa sun saba faruwa, a ambata su a ranar ganin likita. Amma zazzaɓi, zubar jini, baƙin bayan gida, idanu su yi rawaya, ko ƙaruwar nauyin jiki farat ɗaya tare da sarƙewar numfashi, waɗannan a tafi asibiti nan take.