Yadda Za Ka Mayar da Zumunci Ɗabi'a Ka Samu Sanyin Zuciya

A shekarar 1938 masana a Jami'ar Harvard da ke Amurka suka fara bibiyar rayuwar wasu ɗalibai maza, aka kuma haɗa da samarin unguwannin talakawa na birnin Boston, jimilla mutum 724. An bi su har tsufa ana duba lafiyarsu, aurensu da aikinsu. Robert Waldinger, wanda ke jagorantar binciken, ya sha faɗin cewa waɗanda suka fi jin daɗin rayuwa, suka kuma fi ƙoshin lafiya da girma ya zo, su ne masu kyakkyawar alaƙa da mutanensu. A wajenmu wannan ba baƙon zance ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa wanda yake son a yalwata masa arziki, a tsawaita masa kwana, to ya sada zumuncinsa. Sani kam muna da shi. Aikatawar ce ke ba mu wuya, har sai an yi rasuwa mu haɗu a zaman makoki muna ce wa juna "kwana biyu".

Da farko ɗauki takarda ka rubuta sunan mutum biyar kacal. Fara da tsofaffi, domin su ne lokaci ba ya jira: kaka, gwaggo, kawu, malaminka na allo, ko maƙwabcin da ƙafa ta hana shi fitowa masallaci.

Na biyu, ɗaura abin a jikin wani aiki da ka riga ka saba. Niyyar "zan je idan na samu sarari" ba ta kai kowa ko'ina. Ka ce da an idar da sallar Magariba zan kira mutum ɗaya, ranar Juma'a kuma daga masallaci sai gidan wani kafin in koma gida. Mace tana iya ware yammacin Asabar bayan La'asar. A wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan kan mutum 96, an ga cewa sabon aikin da ake yi kullum yana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. An kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin. Don haka in ka manta yau, gobe ka ɗora, kada ka ce ai shi ke nan.

Na uku, kuma nan ne na fi so a tsaya: ka je da ƙafarka, ka je ba da buƙata ba. Na taɓa yin wata bakwai ban leƙa gwaggona ba, ina jiran in samu abin kirki da zan riƙe mata. Ranar da na daure na je, goro da sabulu biyu kawai na saya a bakin layinsu. Na same ta a kan tabarma a tsakar gida, faifai a cinya, tana tsince wake. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ina wuni?" Ta ɗago ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, ashe kana gari?" Ko kallon ledar ba ta yi ba. Ta sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha, ta shiga ba ni labarin yadda mahaifina ya yi ƙuruciya, abubuwan da ban taɓa ji ba. Na fito bayan Isha'i ina jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Tun daga ranar na daina jiran tsaraba.

In ka zauna, bar waya a aljihu. Tambayi jiki, tambayi yara, sannan ka yi shiru ka saurara. Tsoho yakan maimaita labari sau uku. Bar shi ya maimaita.

Na huɗu shi ne mai ɗaci. A cikin biyar ɗin nan sa mutum ɗaya da kuka yi saɓani. Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma bayyana cewa mai sada zumunci na gaske shi ne wanda idan aka yanke masa yake sadarwa. Ba sai kun tono tsohon zance ba. Sallama da gaisuwa sun isa a karon farko. Zai yiwu ya amsa a daƙile. Ka koma bayan sati biyu. Gaba nauyi ce da mai ita yake kwana da ita yana tashi da ita, kuma sau da yawa shi ma ɗayan jira yake a fara.

Wanda yake nesa, a Legas ko Yamai ko Kumasi, kira shi ya ji muryarka. Hoton "Juma'a Mubarak" da aka tura wa mutum ɗari a WhatsApp ba ya maye gurbin minti uku na "ya gida, ya jikin Inna?" Idan ka gama, ja layi a ƙarƙashin sunansa a takardar, ka duba wanda ke biye don Magaribar gobe.