Yadda ake mayar da manhajar lissafin kimiyya daga kwamfuta zuwa wayar hannu

Yawancin manhajojin kimiyya masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa zai iya ganin rubutunsu ya kuma gyara shi, an rubuta su ne da harshen C ko C++ ko Fortran, domin kwamfutocin Linux masu furosesar Intel ko AMD. Wayoyin hannu kuwa da furosesar ARM suke aiki, kuma daga wannan bambanci ne akasarin wahalar aikin take tasowa.

Kafin ka taɓa rubutun manhajar, ka duba lasisinta da lasisin duk laburaren da ta dogara da su, wato shiryayyun ɓangarorin manhaja da take aro. Daga cikin laburaren lissafi, GSL da FFTW suna ƙarƙashin lasisin GPL mai tsauraran sharuɗɗa, yayin da LAPACK da OpenBLAS suke da lasisin BSD mai sassauci. A watan Janairun 2011 an cire VLC, manhajar kallon bidiyo, daga shagon manhajoji na Apple saboda sharuɗɗan shagon sun ci karo da GPL, kuma bai koma ba sai a 2013 bayan an sauya masa lasisi. A Android, shagon F-Droid yana karɓar irin waɗannan manhajoji ba tare da wannan rikici ba.

Daga nan sai ka raba ɓangaren da ke yin lissafi da ɓangaren da mai amfani yake gani. Fuskar da aka tsara domin babban allo da linzamin kwamfuta ba ta da amfani a waya, gara a sake gina ta da Kotlin. Ɓangaren lissafin shi za ka harhaɗa, wato ka mayar da rubutunsa abin da furosesa ke iya gudanarwa, da kayan aikin Android NDK da CMake, ya zama laburare, sannan ka haɗa shi da fuskar ta hanyar JNI, gadar da ke tsakanin Kotlin da C. Ka fara da arm64-v8a, sigar ARM mai bit 64, domin tun watan Agustan 2019 Google Play yake buƙatar sigar bit 64, ka kuma harhaɗa ta x86_64, sigar Intel da AMD, domin gwaji a kwaikwayon waya da ke kwamfutarka. Ka sani kuma cewa Android yana amfani da laburaren C mai suna Bionic a madadin glibc na Linux, saboda haka wasu ayyukan da manhajar ta saba kira ba za a same su ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne Fortran. NDK ya bar abin harhaɗawa na GCC ya koma Clang gaba ɗaya tun 2018, kuma ba ya zuwa da abin harhaɗa Fortran, alhali LAPACK da Fortran aka rubuta shi. Mafita mafi sauƙi ita ce a harhaɗa OpenBLAS da LAPACK ɗin da aka riga aka juya zuwa C, ko a juya tsohon rubutun Fortran 77 zuwa C da manhajar f2c. Idan manhajar ta Python ce, Chaquopy, kayan aikin gudanar da Python a Android, yana ba da laburaren NumPy da SciPy da aka riga aka shirya wa Android, kuma a ganina wanda ya dage sai ya harhaɗa SciPy da kansa lokacinsa kawai yake ɓatawa. Duk wurin da aka rubuta umarnin SSE ko AVX na Intel da AMD da hannu, dole a mayar da shi NEON na ARM ko a koma ga sigar C ta asali.

Harhaɗuwar manhaja ba ta nuna cewa amsarta daidai take. Nau'in adadi na long double yana da bit 80 a Linux na x86-64, yana da 128 a Android na ARM64, a iPhone kuma daidai yake da double. Nau'in char ma ba ya ɗaukar adadin da ke ƙasa da sifili a Android na ARM sai an faɗa masa, abin da kan lalata tsohon rubutu cikin shiru. Don haka ka tura gwaje-gwajen da suka zo da manhajar cikin wayar gaske ta hanyar adb, kayan aikin da ke haɗa kwamfuta da wayar Android, ka kwatanta sakamakon da na kwamfuta, kana barin ɗan rata a lambobin ƙarshe.

Lissafi mai tsawo kada ya gudana a inda ake kula da taɓin allo, domin bayan daƙiƙa 5 ba amsa Android zai sanar cewa manhajar ta tsaya. Tsarin kuma yakan kashe manhajar da ke bayan fage idan wurin ajiya ya ƙare, saboda haka ka sa ta riƙa adana inda ta kai lokaci zuwa lokaci. Saurinta kuwa ka auna shi bayan wayar ta yi mintuna tana aiki, domin da zarar ta ɗauki zafi furosesar takan rage gudu da kanta.