Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Tsohuwar Zawiya da Masallacinta

A ƙauyuka da dama na ƙasar Kano da Jigawa har yanzu akwai tsofaffin masallatan ƙasa da ke manne da gidan wani malamin ɗariƙa, kuma kusan kowace damina sai an rasa wani daga cikinsu, ko dai ruwa ya ci shi ko kuma a rushe shi a tayar da na bulo. Duk wanda yake son rubuta tarihin irin wannan wuri tun yana tsaye, ga hanyar da na ga ta fi ɓullewa.

Da farko a sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan a je a gaida muƙaddamin zawiyar, wato jagoran wurin da 'yan ɗariƙar ke taruwa, cikin ladabi. Kada a buɗe baki da tambayar shekarun ginin, domin amsar da za a samu ita ce "tun kaka da kakanni". Abin da ya dace a ce shi ne, "Allah ya gafarta Malam, a hannun wa mai wannan gida ya karɓi ɗariƙa?" Wannan tambaya ita ce mabuɗi, saboda ma'abota ɗariƙa suna kiyaye salsalar malamansu fiye da yadda suke kiyaye lissafin shekaru, kuma sau da yawa akwai takardar ijaza, wato izinin da malami ke ba almajirinsa, a cikin gafaka, mai ɗauke da shekarar Hijira. Idan gidan na Ƙadiriyya ne, salsalar tana iya komawa ga almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na zamanin jihadin 1804, ko kuma ga Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Idan na Tijjaniyya ne, to a tuna cewa Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a Fas a 1815, kuma ɗariƙar ta yi ƙarfi sosai a ƙasar Kano bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajji na 1937. Saboda haka zawiyar da ke danganta kanta da Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass a Senegal, da wuya ta girmi wancan zamani, ko da masallacin da take ciki ya riga ta.

Dattawa kuwa da zamanin sarakuna suke auna lokaci. Wanda ya ce an yi ginin a zamanin Sarkin Kano Abbas yana nufin tsakanin 1903 da 1919, wanda kuma ya ce bayan yaƙin Turawa da Haɗejiya yana nufin bayan 1906. A rubuta maganar kamar yadda aka faɗe ta, a ajiye fassarar shekarun a gefe.

Daga nan sai a koma ga ginin kansa, wanda shi ne shaidar da na fi amincewa da ita. A nemi inda yaɓe ya zube a duba cikin bangon: tubalin gargajiya mulmulalle ne da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi a tsaye, bango kuma yana da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Inda aka ga tubali mai kusurwa huɗu, to ƙari ne na baya. Sannan a ɗaga kai a kalli rufin. Azara daga itacen giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, wannan ne ya sa magina suke cika ɗaki da ginshiƙai ko kuma su ɗaura bakan gizo, wato su riƙa jera azara suna turo ta kaɗan-kaɗan daga bango biyu har ta haɗu a sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne ƙololuwar wannan fasaha, kuma ganin ko da baka ɗaya irin nasa a ƙauye alama ce ta cewa an ɗauko gwanin magini, mai gidan kuma yana da daraja a wurin masu mulki ko attajirai. Na taɓa shiga wani irin wannan masallaci a wani ƙauye, na tarar hayaƙin fitilar aci-bal-bal ya baƙanta azarar da ke saman alƙibla, sauran rufin kuwa fari tas, nan take muka gane ɓangaren da aka sabunta.

A waje a lura da zankwaye da indararo, a kuma shafa bangon a ji ko an yi masa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso na katsin marina.

Ba a gane tsarin zawiya sai an gan ta da mutane a ciki. A zo ranar Juma'a bayan la'asar lokacin zikiri, a ga inda ake shimfiɗa farin ƙyallen wazifa idan gidan Tijjaniyya ne, ko a zo daren da ake bandiri idan gidan Ƙadiriyya ne. A tambayi ɗakin halwa, da zauren karatu, da inda aka binne mai gidan. Bayan an auna tsawo da faɗi an zana taswira, an kuma ɗauki hoton takardun da aka yarda a ɗauka, sai a buga kwafi biyu, a mayar wa muƙaddami ɗaya ya sa a gafakar da ijazar take.