Yadda Ake Noman Kabewar Ajiya a Lambun Gida

Kabewa mai taurin ɓawo, wadda ake bari ta ƙosa a jikin uwarta kafin a cire, tana iya yin watanni a ɗaki ba ta lalace ba. Asalinta nahiyar Amurka ne, kuma daga cikin nau'o'inta wanda masana ke kira Cucurbita moschata ya fi jure zafi da laima. Shukarta ba wuya. Inda mutane suka fi yin asara shi ne lokacin fure da lokacin girbi.

Fara da duba fili. Kabewa yaɗo take yi, gindi ɗaya kan miƙe mita 3 ko fiye, don haka in lambun haɗin gwiwa ne ka shuka ta a gefe, ka juya kan yaɗon zuwa wurin da ba kowa, kada ta danne wa maƙwabcinka kayan da ya shuka. In wurin ya yi kaɗan, kafa mata rumfa mai ƙarfi ta hau, ko ka nemi irin da ba ya yaɗo sosai. Tana son rana ta sa'a 6 zuwa 8 a wuni, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a kai.

Sai gyaran ƙasa. Haƙa rami, ka cakuɗa ƙasarsa da takin dabbobi da ya ruɓe sosai, ka tara ta yi ɗan tudu. Bar tazarar mita 1.5 zuwa 2 tsakanin tudu da tudu. A kowane tudu binne ƙwaya 3 ko 4, zurfin santimita 2 zuwa 3. Kada ka yi gaggawa in ƙasa na da sanyi, domin irin ruɓewa zai yi. Ya fi tsira da kyau in ɗumin ƙasa ya kai digiri 21 a ma'aunin Salshiyas. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 za ka ga tsiro. Idan sun yi ganyen gaske biyu ko uku, wato waɗanda ke biyo bayan ganye biyun farko na tsiro, bar tsiro biyu mafiya ƙarfi a kowane tudu, ka datse sauran da almakashi. Tugewa kan girgiza saiwar waɗanda ka bari.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe, a ƙoshar da ƙasa sau ɗaya ko biyu a mako maimakon yayyafi kullum. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye don ta riƙe danshi. Ganyen kan yi laushi da tsakar rana ko da ƙasa na da ruwa, to kafin ka ɗauko bokiti, tura yatsa cikin ƙasa ka ji.

Yanzu ga batun fure. Kabewa na fitar da fure iri biyu a gindi ɗaya. Namiji yana kan dogon siririn kara, shi ne ke fara fitowa, ya bushe ya faɗi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Macen tana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta, wanda shi ne zai zama kabewa. Kowane fure safiya ɗaya kawai yake buɗewa, kuma ƙudan zuma ne ke kai garin namiji ga macen. In ka ga ƙananan 'ya'ya suna yin rawaya suna zubewa, galibi barbarar ce ba ta yiwu ba. Sai ka yi da hannunka: da sassafe tsinko namijin da ya buɗe, cire ganyayen furen, ka goga tsinken tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. Saboda ƙudan nan ne ma bai kamata a fesa maganin ƙwari da safe ba lokacin da fure ke buɗe.

Riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa, ka murtsuke ƙwayayen ƙwari tun ba su ƙyanƙyashe ba. Akwai kuma cutar da ke sa ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Cunkoso da rashin iska ke ƙarfafa ta, sai a cire ganyen da ya kamu sosai a fitar da shi daga lambun. In 'ya'ya sun fara girma, sa musu katako ko tayil a ƙasa kada danshi ya ci gindinsu.

Yawancin iri kan ɗauki kwana 80 zuwa 120, amma kada ka dogara da lissafi kaɗai. Danna farce a ɓawon: in ya shiga, ba ta ƙosa ba. Wadda ta ƙosa, ƙyallin jikinta ya dushe, mariƙinta ya bushe ya yi tauri. A wuraren da sanyi ke daskarar da raɓa, dole a kwashe kafin ya sauka. Yanka da wuƙa mai kaifi, ka bar mariƙi mai tsawon santimita 5 zuwa 7, kuma kada ka kama mariƙin wajen ɗaukarta. In ya ɓalle, ta nan ruɓa ke shiga, sai a fara amfani da wannan.

Kada ka kai ta ɗaki nan take. Jera ta a wuri mai ɗumi da iska, kamar digiri 27 zuwa 29, na kwana 10, don ɓawon ya ƙara tauri, ƙananan ƙujewa su warke. Daga nan a mayar da ita wuri busasshe mai sanyi-sanyi, digiri 10 zuwa 15 in da hali, a kan katako, ba tare da wata ta taɓa wata ba. Firiji ya yi mata sanyi da yawa. A nisanta ta da tuffa da ayaba, domin iskar da suke fitarwa na rage mata kwana. Duba su kowane mako, wadda ta fara taushi a fitar da ita.

In kana son ajiye iri, ka lura cewa a lambun da mutane da yawa ke shuka kabewa daban-daban, ƙudan zuma na gauraya waɗanda suke nau'i ɗaya. Kabewar bana ba za ta canza ba, amma irinta na iya ba ka wani abu dabam baɗi.