Rage Ƙiba da Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci

Rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinka yakan rage yawan ɗaukewar numfashi da kusan kwata. Mai kilo 110 zai zubar da 11 ke nan. Za a samu sauƙi, amma ba lallai waraka ba, musamman ga mai ƙaramin muƙamuƙi ko ƙuntataccen maƙogwaro.

Kada ka ajiye na'urar CPAP, mai hura maka iska ta hanci lokacin barci, don uwargida ta ce minshari ya ragu. Koma wa likitanka a maimaita gwajin barci. Numfashi ya riƙa tsayawa ƙasa da sau 5 a awa ba tare da na'ura ba, shi ake nema.

Kafin nan, in iskar na'urar na kumbura maka ciki, likita ya rage ƙarfinta. Gyangyaɗi kuwa ya dawo, kada ka tuƙa mota.