Yadda na hana sauya farashi bayan an amince da takardar biya

A manhajar da nake kula da ita, ana iya gyara farashin takardar neman biya muddin tana matakin daftari, amma da zarar an amince da ita, dole a kulle shi. Kuskurena shi ne na sanya sharaɗin a fuskar manhajar kaɗai, don haka buƙatun da ke shigowa ta API, wato hanyar da wasu manhajoji ke aiko da buƙata kai tsaye ba tare da bi ta fuskar ba, suna wucewa ba bincike.

Sai na mayar da dokar cikin ajin takardar kansa, wato ɓangaren umarnin manhajar da ke kula da bayanan takardar. Kafin a rubuta farashi, ana duba matsayin mai amfani da kuma matakin da ke ajiye a rumbun bayanai, ba wanda aka aiko tare da buƙatar ba, domin nan ne aka fi yin sakaci. Idan sharaɗin bai cika ba, sabar, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun, tana mayar da 403, lambar da ke nufin an hana izini.